Garar Lantarki ta Injiniya Ɗanbaba

Tsumman rawaya ne a hannunsa, irin na goge gilashin mota, yana bin murfin bilenda da shi a hankali kamar mai shafa kan maraya. Hantsi bai gama ɗagawa ba. A waje 'yan a-daidaita-sahu na ta ɗiban mata zuwa tsinkar tumatir, ruwan kanal na gangarawa da sanyinsa yana yi wa shinkafa raɗa, balbelu sun yi sahu a bakin fadama kamar masu jiran liman. Duk wannan ƙaramin al'amari ne. Babban al'amarin garin Kura a wannan sa'a yana cikin falon Injiniya Ɗanbaba, inda ake yi wa injuna wankan safe.

Allah mai rabo. Wani ya ba shi gona, wani garke, wani murya. Shi kuwa Injiniya Ɗanbaba sai aka ba shi Injiniya Ɗanbaba, kuma tun daga ranar bai gaji da godiya ba.

Makarantar da ta naɗa masa injiniyancin nan ba wanda ya san ƙofarta. Abin da kowa ya sani shi ne ya ƙarar da ƙuruciyarsa da rabin tsufansa a kan wata ƙofar ƙarfe ta ƙaramin kanal, da makulli rataye a wuya. Ya murɗa hagu, ruwa ya tafi. Ya murɗa dama, ruwa ya tsaya. Ilimin ke nan kaf, amma ya riƙe shi da hannu biyu, har 'yan gari suka yi masa laƙabi da Buɗe-Rufe, laƙabin da kowa ya sani ban da mai shi. A wancan zamani manomi kan sauka daga keke tun daga nesa ya gaishe shi. Kwandon tumatir kan yi ƙafa ya zo zaurensa da kansa, albasa ta biyo sawu. Shi duk a zatonsa farin jini ne. Ranar da ya yi ritaya ya miƙa makulli, gaisuwa ta ƙafe kamar kanal lokacin gyara. Wani da ya gane cewa makullin ake gaisarwa. Shi abin da ya gano shi ne tarbiyya ta lalace a ƙasar Kano farat ɗaya.

Mutum irin wannan ba ya iya zama ba abin murɗawa. Da kuɗin sallamarsa suka fito, ya shiga Sabon Gari ya dawo da kwalaye cike da bayan mota, ya sa aka shimfiɗa masa sola a kan kwano. Ga bilenda, wadda ya raɗa wa suna Tiga, sunan babbar madatsar ruwa, saboda rurinta. Ga injin kwaɓa fulawa, Kadawa. Ga tukunyar lantarki, Bagauda. Ga kuma 'yar lele, wata baƙar tukunya mai aljihu da ke suya da iska mai zafi ba ɗigon mai. Ita ba a ba ta sunan gari ba, Gimbiya ake ce mata. Bai yarda an kai su madafa ba, don hayaƙi, in ji shi, yana taɓa ƙwaƙwalwar inji. A falo ya jera su kan dogon tebur, kowacce da mayafinta na leshi, jeren da ko amarya 'yar gata ba ta samu ba.

In za a faɗi gaskiya, injunan ba su da laifi. Tiga na markaɗa kayan miya kafin a ce kwabo, kunun ayarta kuwa sai wanda ya sha. Matarsa Kubra, mace mai sanyin baki da kaifin lura, ta yaba da ita tun ranar farko. Matsalar ɗaya ce: maɓalli na Injiniya ne. Kubra ta wanke, ta yanka, ta zuba, ta rufe, sannan ta koma gefe a kira shi. Ya zo yana gyara hula, ya miƙa yatsa, ya danna. In ya tafi ta'aziyya Dawakin Kudu, tumatir ya zauna cikin bilenda yana jiransa, gidan kuma ya ci abincin rana da la'asar sakaliya.

'Yan majalisarsa ma ba a bar su a baya ba. Ran da Gimbiya ta fara suyar ƙosai, da kansa ya fito musu da shi a faranti, an lulluɓe kamar kayan ɗaurin aure.

"Jama'a," in ji shi, "abin da ke gabanku ba ƙosai ba ne, ci gaba ne. Kakanninmu, Allah ya jiƙan su, mai ne ya cinye su ba su sani ba. Ni na zauna na yi nazari. Iska Allah ya ba mu ita a yalwace, kuma tun da nake ban taɓa jin wanda iska ta toshe wa jijiya ba. Bismillah."

Ƙosan ya fito kamar ƙwallon goruba, a launi da a hali. Dattawa suka ɗauka da bismillah, suka gwada shi da sauran haƙoran da zamani ya bar musu, sannan kowa ya zura nasa a aljihu, wai zai kai wa iyali su ma su shaida. Injiniya ya koma gida ya gaya wa Kubra ko ɓurɓushi bai rage a faranti ba. Da yamma an ga awakin unguwa sun kewaye wani abu a bayan masallaci, sun shinshina, sun watse.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Sai aka sa ranar auren Mubina.

Mubina ita ce autarsu, malamar firamare, yarinya mai dariya a kusa. Wanda ta zaɓa, Fatihu, ɗan wani babban manomin albasa ne a Bunkure, gidan da ake auna mutunci da abin da ido ya gani. Aure kuwa bai cika ba sai dangin amarya sun kai gara gidan miji: buhunan hatsi da jarkokin mai, sannan uwa uba kayan zaƙi, alkaki da nakiya da dubulan da cincin, cikin manyan bokitai da fanteka, a raba wa dangin ango kaf har na ƙauye. Da gara ake karanta gidan da amarya ta fito. In ta yi kauri, yarinya ta shiga da kai a sama. In ta yi sirit, za ta ji a bakin dangin miji har ta yi jika.

A unguwarsu Injiniya ba a gayyatar kowa aikin gara. Tun kaka da kakanni haka abin yake. Idan biki ya matso, uwar amarya ta jiƙa shinkafa, ta fito da turmi tsakar gida, ta saki taɓarya. Gayyatar ke nan. Maƙwabciya ta ji, ta yafa mayafi ta ɗauko tata taɓaryar. Wata ta zo da rariya, wata da kasko, wata da bakinta kawai, wanda shi ma kayan aiki ne. Kafin azahar lugude ya kankama, hayaƙi ya miƙe sama kamar tuta, ƙamshin man shanu da kanumfari ya bi lungu-lungu yana shela. Mai ban ruwa can a bakin kanal ma ya san gidan wane ana shirin fitar da 'ya.

Injiniya ya tara iyalinsa a falo, wato Kubra da Mubina, ya tsaya gaban tebur ya goya hannu a baya.

"Na daɗe ina kallon yadda ake gara a garin nan, zuciyata tana ciwo. Mata cike da gida, surutu har bakin titi, aikin kuwa na mutum uku. Rabin sukari a baki, rabin mai a ƙasa. Wannan gida ba zai aurar da 'ya da dabarar mutanen da ba. Garar Mubina ba za ta ji taɓarya ba, ba za ta shaƙi hayaƙi ba. In an zo rubuta tarihi, za a ce daga nan aka fara. Na rufe turmi."

Kubra ta ce a hankali ba a fafe gora ranar tafiya, ta kuma tuna masa mutane za su ji shiru. Ya ce shirun ai shi ne alamar wayewa; asibiti ma shiru ake yi. Ta dube shi, ta dubi 'yarta, ta ce, "To, Malam." Ya gyara mata: Injiniya. Ta ce to. A ranar ya sa aka mirgina turame cikin ɗakin ajiya, ya datse da kwaɗo, ya rataya makullin a wuya. Wanda ya ga takunsa da yammacin nan ya san wuyan ya daɗe yana kewar nauyin.

Aka fara aiki. Nan take wani ɗan abu ya kunno kai, irin wanda ƙananan mutane kan kira cikas: solar ba ta ɗaukar inji biyu a lokaci guda. In Gimbiya na suya aka kunna Tiga, sai akwatin batir ya yi kuka kamar ɗan tsako, komai ya ɗauke. Wani da hankalinsa ya tashi. Shi fuskarsa haske ta yi, don rabon abin da bai isa ba ai shi ne sana'arsa. Ya raba wutar kamar ruwan rani. Gimbiya ce a kan kanal, ita ke sha lokacin da rana ke da ƙarfi. Kadawa na biye, Tiga a tsakiya, Bagauda a wutsiya. Kowane manomi kuwa ya sani, na wutsiyar kanal labarin ruwa yake ji. Kafin layi ya zo kan Bagauda batir ya yi sanyi, kullum sai a ce mata gobe. Bai taɓa jin tausayinta ba, ya saba. Sai dai ita aka ɗora wa dafa ruwan sukarin da ake tsoma alkaki, saboda haka alkakin ya yi ta jiran wankansa a bushe, fari fat, kamar wanda ya tashi daga jinya.

Niƙan shinkafar nakiya aka ba Tiga. Cikinta ɗan kaɗan ne. Ta yi ruri na ɗan lokaci, ta fara ƙauri, sai a kashe a lallashe ta. An ga Mubina, amarya guda, a durƙushe tana yi wa bilenda fifita da maficin kaba. Aljihun Gimbiya kuwa ba ya ɗaukar alkakin da ya wuce cikin tafi biyu, kuma takan daɗe tana nazari a kansa kafin ta yi ƙara ta ce ta gama. Daga kowace fita Injiniya na ɗaukar abin da ya kira kason bincike, ya tauna ido rufe, ya gyaɗa kai. Binciken na da zurfi. Wani lokaci sai an maimaita. Bokitan da Kubra ta wanke ta kife a rana suna nan a kife, ƙadangaru na shan hantsi a kansu.

Sau ɗaya Mubina ta yi ƙarfin hali, ta ce, "Baba, dangin nasu fa suna da yawa. Gwaggonninsa kaɗai sun cika mota." Ya yi mata murmushin da malami kan yi wa ɗalibi mai ƙoƙari amma ba basira, ya ce madatsar Tiga ma da ɗigo-ɗigo ta cika. Bai ce a shekara nawa ba.

A waje kuwa unguwa ta kasa kunne. Baraka, maƙwabciyarsu ta jikin katanga, ta riga ta wanke taɓaryarta ta jingine. Ta jira, ta jira. Ta zo wucewa ta ƙofar gidan ta rage tafiya, ba ta ji komai ba sai wani ɗan ruri da ke tashi ya mutu, kamar mai kuka cikin matashi. Ta ɗaga kai, ba hayaƙi. Shiga ba ta yiwuwa: macen da ta shiga da taɓarya turmi bai kira ta ba ta zubar da girmanta, wadda ta shiga da tambaya kuma ta zama 'yar gulma. Ita Kubra kuma kunya ta hana ta leƙowa, don da wane baki za ta gaya wa matan da suka yi aikin garar yayyen Mubina cewa maigida ya ce su ke cinye sukari? Rashin fitowarta ya ƙara wa miya gishiri. Baraka dai ba ta ce komai ba. Ta faɗa wa mai kitso kawai cewa ruwa ba ya tsami banza. Daga gidan kitso magana ta shiga injin casar shinkafa, ta fito fes ba ƙaiƙayi: an fasa auren Mubina.

Nan fa Injiniya ya shiga wata sabuwar daraja. A ƙofar masallaci mutum ya riƙe hannunsa ya ƙi saki, ya dube shi cikin ido, ya yi ajiyar zuciya. Mahauci ya ƙara masa tsoka. Waɗanda suka daina sauka daga keke suka koma sauka. 'Yan majalisa, da a da tari ke kama su baki ɗaya in ya fara lacca, yanzu sun yi tsit har ya dire.

"Abin da ke faruwa a gidana," ya ce musu wata la'asar, "ba kowace zuciya ce za ta iya ɗauka ba. Amma wani dole ya fara. Ni na ɗauka, kuma ga ni a tsaye."

Wani tsoho ya share ido da bakin rawani. Injiniya ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai, ya gaya wa Kubra gari ya farka. Labarin garar lantarki ya fita, mutane sun rasa bakin yabo, har hawaye ake yi. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma ba a ce kowa ya iya karatun ba.

Sai ga buhun shinkafa. Wani mai injin casa, Alhaji Zaharaddini, wanda ya taɓa neman Mubina ta ce a kai kasuwa, ya ji an ce gona ta koma saura. Ya aiko da buhu guda na gyararriya marar tsakuwa, da gaisuwa ta musamman. Kubra ta ce a mayar tun kafin a sauke. Injiniya ya ce ba a mayar da kyautar da masana'anta ta yi wa kimiyya. Ya sa aka dire shi a ƙofar gida, ya dafa shi, ya yi doguwar godiya, duk mai ido a layin ya gani.

Maganar buhun ta yi abin da ruwa bai taɓa yi ba, ta haura kanal har Bunkure. Fatihu ya rantse wa mahaifinsa cewa kullum suna waya da Mubina, ba abin da ya canja. Tsohon ya ce ango ne na ƙarshen jin labari tun fil azal. Waya tana ƙarya, turmi ba ya yi. Ya dakatar da masu fentin ɗakin amarya, ya ce ba a ƙara shafa ko burushi ɗaya sai yayarsa, Gwaggo Saliha, ta je ta gani da idonta. In an ba wani, a dawo musu da lefensu cikin mutunci, kowa ya kama gabansa.

Mubina ta ji wannan a waya, ta ajiye mafici ta shige ɗaki. Kubra ta sami maigidan tana cewa, Malam, mutanen Bunkure za su zo, don an ce... Bai bari ta kai aya ba. Ya ce dama ya san za su zo, gani ya kori ji. Ya sa a wanke mayafan leshi a goge.

Gwaggo Saliha tsohuwa ce gajeriya, ta aurar da 'ya'ya ta aurar da jikoki, idonta kuwa mudu ne. In ta dubi kwano ta san abin da ya ci. Ta iso da hantsi ita da mata biyu. Injiniya ya tarbe su cikin babbar riga mai aska, ya zaunar da su kan darduma a falo. Kubra ta kawo ruwa ta gaishe su, ta koma bayan labule. Ba a gama tambayar gajiya da mutanen gida ba ya miƙe ya fara gabatar da injuna, ɗaya bayan ɗaya, yadda ake gabatar da 'ya'ya maza da suka yi karatu a waje. Ya yaye wa Gimbiya mayafi. Ya danna Tiga ta yi ruri, ɗaya daga cikin baƙin ta nemi tsari daga shaiɗan. Ya yi bayanin iska, ya yi bayanin rana, ya taɓo tarihin kanal da rawar da ya taka a ciki. Gwaggo Saliha ta bar shi har ya tsaya haɗiyar yawu.

"Malam, mun ga kaya, Allah ya sa albarka. Mu dai da tambaya ɗaya aka aiko mu. Yarinyar nan har yanzu tamu ce, ko kun ba mai shinkafa?"

Injiniya ya ce wane mai shinkafa. Ta warware masa zare da abawa, ba ta ɗaga murya ba: biki ya ƙarato, gida ba daka ba hayaƙi, uwar amarya ta ɓuya, ga buhu a ƙofar gida. Ta ce duk Kura jajanta masa ake yi.

"Ai ko ɗan a-daidaitan da ya kawo mu cewa ya yi mu bi ka a hankali. Wai tun da abin ya faru kake yawo kana murmushi kai kaɗai."

Hannayen da aka riƙe a ƙofar masallaci, da tsokar mahauci, da hawayen tsoho, duk suka zo suka wuce ta gabansa a jere kamar tarkacen da ruwa ya kwaso. Amma babbar kuka ba ta faɗuwa da sara ɗaya. Ya yi dariya, dariyar da ba ta sauka ƙasa da maƙogwaro ba. Ya ce rashin sani ya fi dare duhu. Aure yana nan daram, gara kuma ana kan yin ta, ta hanyar da idon ƙauye bai saba gani ba. Ya buɗe kabad ya fito da wata langa, ya ajiye gaban Gwaggo, ya ɗaga murfin da kansa.

Alkakin ya rufe gindin langar, ba laifi, in an baza shi da kyau. A gefe ga curin nakiya kamar ƙwan kurciya.

Gwaggo Saliha ta daɗe tana kallo. Ta ɗauki alkaki ɗaya ta ƙwanƙwasa a bakin langa, ya amsa. Ta tambaya ina sauran. Ya ce wannan zango na farko ne. Ta dubi abokan tafiyarta, suka dube ta, sai fuskarta ta yi laushi, irin laushin da gara mari da shi.

"Allah sarki. Ashe rashi ne. Haba Malam, ai babu ba abin kunya ba ce, ritaya ba wanda ba ta durƙusar ba. Da kun yi mana raɗa. Ga alkama a rumbu, ga mai, ga mata zaune a gidanmu. Mu yi garar a can, a lallaɓo da ita nan a rufe, ranar kaiwa ku kawo mana kamar taku. Ba mai ji. Mun zama ɗaya."

Dangin ango su yi wa kansu gara. Tun da aka haƙa kanal ba a taɓa jin irinta ba, kuma duk wanda ya san Gwaggo Saliha ya san ba-mai-jinta yana kaiwa har Rano. Injiniya ya buɗe baki. A karon farko a rayuwarsa ya murɗa hagu, ba abin da ya zo.

Labule ya motsa, Kubra ta bar bayansa. Jim kaɗan aka ji ƙarar gatari a kan ƙarfe daga tsakar gida, sau biyu, kwaɗo ya faɗi. Aka ji gungurin abu mai nauyi a kan daɓe. Aka ji an juye jiƙaƙƙiyar shinkafar da ke jiran layin Tiga. Sannan, dum. Shiru. Dum.

Taɓarya ba ta sauka sau da yawa ba ƙofar gidan Baraka ta yi ƙara. Kafin ruwan da aka kawo wa baƙi ya huce sanyinsa, taɓarya ta zama biyu, ta zama uku, lugude ya kama, wata ta rangaɗa guɗa. Mata suka yi ta ɓullowa kamar an fasa madatsa, da rariya, da kasko, da itace a ka, kowacce na faɗa wa Kubra ita dama ba ta yarda da zancen ba. Mubina ta fito da jan ido tana dariya. Gwaggo Saliha ta ciro wayarta ta kira ƙaninta a Bunkure, ba ta ce masa komai ba, ta miƙa wayar saitin taga. Da ta mayar kunne, abin da ta ce kawai shi ne a ci gaba da fenti.

Ba a shiga gida a wuce surukai, don haka matan suka yi ta kwararowa falo gaida Gwaggo. Nan idonsu ya faɗa kan abin da ya fi komai daraja a ɗakin: jerin soket masu wuta, rana tsaka, a garin da aka kwana biyu ba a ga lantarki ba. Wata ta zare wayar Gimbiya ta soka cajarta. Wata ta zare Kadawa. Kafin a jima tebur ya cika da wayoyi suna shan wuta tare, ba na kai ba na wutsiya, batir kuma bai ce ƙala ba. Wata ta ɗaga tukunyar cikin Bagauda ta juya ta, ta ce wannan ta yi daidai da mudu, ta fita da ita awon sukari. Kofin Tiga ya tafi ɗiban ruwa. Baraka ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ashe lafiya, Allah ya ƙara sauƙi.

Injiniya ya ga in bai yi magana yanzu ba tarihi zai tafi ya bar shi. Ya gyara murya, ya goya hannu a baya.

"Bayan dogon nazari, kuma bisa la'akari da koke-koken jama'a, na amince a buɗe turmi na ɗan lokaci, a matsayin gwaji, ƙarƙashin kulawata. Za a bi layi. Na farko..."

Lugude ya haɗiye sauran. Wata tsohuwa da ba ta ji ko kalma ɗaya ba ta taɓa gefen rigarsa, ta ce ɗan nan ya ɗan matsa, nan za a baza alkaki ya sha iska. Ya matsa. Inda ya matsa aka ce nan tabarma za ta zauna. Ya sake matsawa, ya ga ya iso bakin ƙofa.

Ya tsaya yana duban ƙasa. Takalminsa na fata, sau-ciki, wanda ya sha mai da safe saboda baƙi, ya nutse ƙarƙashin tulin silifas ɗin matan unguwa, tudu guda, ja da kore da ruwan ɗorawa. Ya ɗan jira ko wata za ta lura ta tono masa. Ba wadda ta waiwayo. Ya durƙusa ya yi tono da babbar riga, a gaban surukai? Injiniya guda? Ya zura ƙafa cikin abin da ya fara samu. Ta dama ta sami ja mai fure a ka. Ta hagu ta sami kore, ya tsaya mata a rabin dunduniya.

Ya saɓa riga a kafaɗa, ya ɗaga haɓa, ya fita daga falon, silifas na bugun tafin ƙafarsa, fat, fat, fat. Tafin da garar lantarki ta samu a garin Kura ke nan.